Ɗakin Kyauta a Tsakiyar Teku: Lissafin da Ke Bayan Alherin Gidajen Cacar Jiragen Ruwa

Duk ƙarshen mako manyan jiragen ruwan shaƙatawa na tashi daga Miyami da sauran tashoshin jihar Filorida ta Amurka, su nufi tsibiran Karebiyan ɗauke da dubban fasinjoji. A cikinsu akwai wanda ya shekara yana tari kafin ya biya kuɗin ɗaki. Akwai kuma maƙwabcinsa, ɗaki iri ɗaya, abinci iri ɗaya, wanda bai biya kuɗin ɗakin ba, gidan cacar da ke cikin jirgin ne ya gayyato shi. Ga abin sha kyauta, wani har da intanet da ɗaki mai baranda yana kallon teku, kuma kafin ya sauka an riga an miƙa masa takardar wata tafiyar.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka ko dai waɗannan hamshaƙan attajirai ne da ake lallaɓawa, ko kuma mutane ne da suka tafka asara ake share musu hawaye. Ko ɗaya ba haka ba ne. Galibinsu masu matsakaicin ƙarfi ne, 'yan fansho da ma'aikata, kuma abin da ake ba su bai rataya a kan sun ci ko an cinye su ba. Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne ga mai karatu, ba shi ne zancenmu a nan ba. Abin dubawa shi ne yadda kamfani ke auna mutum har ya san iya abin da zai ba shi kyauta kuma ya ci riba.

Komai daga kati yake farawa. Da fasinja ya hau jirgi ana ba shi kati ɗaya, kamfanin Royal Caribbean na kiran nasa SeaPass, Carnival kuma Sail & Sign. Shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga a kowace tasha, da shi ake sayen komai domin ba a cinikin tsabar kuɗi a kantunan jirgi, kuma shi ake zura wa injin caca. Gidan caca na kan tudu sai ya roƙi baƙo ya yi rajista ya karɓi katin mamba, wani ya yarda wani ya ƙi. A jirgi kuwa an gama wannan tun a bakin ƙofa. Da an zura katin, kwamfuta ta san sunan mai shi da shekarunsa da lambar ɗakinsa, tana kuma ƙirga kowane danni: nawa ya zuba, sau nawa, ƙarfe nawa ya zauna, ƙarfe nawa ya tashi. A teburin karta babu inji mai ƙirga, sai mai sa ido da ke tsaye bayan mai rabon karta ya karɓi katin, ya ƙiyasta matsakaicin abin da mutum ke zubawa a kowane zagaye, ya rubuta lokacin zamansa.

Daga waɗannan bayanai ake fitar da lamba ɗaya wadda ita ce ƙashin bayan harkar gaba ɗaya, wato asarar da lissafi ya ce ya kamata mutum ya yi. Kowane wasa an gina shi da wani kaso da ke komawa ga gida idan aka daɗe ana yi. A rulet irin na Amurka, faifan nan da ake juyawa a jefa ƙwallo, akwai gurbi 38 amma idan lambarka ta fito ana biyan ka ninki 35 ne, wannan ɗan giɓin shi ke ba gida kashi 5.26 cikin 100 na duk abin da aka zuba. Faifan Turai mai sifili ɗaya kashi 2.7 yake ci. To a ce mutum na zuba dala 25 a kowane juyi, ana juyi 40 a awa, ya zauna awa 4. Dala 4,000 ke nan ta ratsa teburin, rabon gida a lissafi kuwa dala 210. Ko ya tashi da ribar dala 800 a aljihu, ko ya tashi an yashe shi dala 1,500, a littafin gidan caca darajarsa ta wannan dare dala 210 ce. Daga cikinta ake yanko wani kaso a mayar masa da sunan kyauta.

Shi ya sa wanda ya yi sa'a ya ci ba a fushi da shi, har ma a fi tarairayarsa. Gidan caca ba da mutum ɗaya yake wasa ba, da dubbai yake yi, kuma ya san sa'ar wannan da rashin sa'ar wancan za su cinye juna, kason nan ya tsaya daram. Abin da ba ya so shi ne wanda ya ci ya tafi bai dawo ba.

Tsarin Royal Caribbean ya fi sauƙin bi domin sun bayyana shi a fili. Sunansa Club Royale, matakansa huɗu: Choice, Prime, Signature da Masters. A injin caca duk dala 5 da aka zuba maki 1 ne. Prime na buƙatar maki 2,500 a shekara, Signature 25,000, Masters 100,000, shekarar kuma tana farawa 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris. Wanda ya kai Prime yana samun abin sha kyauta a cikin zauren caca, da tafiya ɗaya kyauta a shekara a ɗakin ciki marar taga. Sauran kamfanonin ma kowa da nasa: Carnival na da Players Club, Norwegian na da Casinos at Sea, Celebrity na da Blue Chip Club. Sunaye ne suka bambanta, ginin ɗaya ne.

Mu tsaya a kan maki 2,500 ɗin nan, domin a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Maki 2,500 sau dala 5, dala 12,500 ke nan. Mai jin wannan zai ce ai sai mai kuɗi. Amma ba a ce mutum ya zo da dala 12,500 a jaka ba, cewa aka yi ta ratsa injin. Ɗauki wata dattijuwa 'yar fansho da ta zauna gaban inji bayan cin abincin dare, ta zura kati, ta sa dala 200. Kowane danni dala 2 da rabi. Injin ya ci, ya ci, ya mayar mata da dala 4 da kiɗa da walƙiyar fitilu, ya ci, ya mayar da 15, ita kuma tana sake zuba abin da ya dawo. Danni ɗaya 'yan daƙiƙu ne, don haka danni 500 a awa ba abin mamaki ba ne. A awa ɗaya dala 1,250 ta ratsa injin alhali dala 200 ta sa. A ƙasan allon akwai ɗan gurbi da ke nuna makinta yana hawa, 180, 210, 250. Awa 10 irin wannan, wato kimanin awa ɗaya da rabi kowane dare a tafiyar kwana 7, ta kai Prime. Idan aka ƙaddara injin na riƙe kashi 10 cikin 100, darajarta a lissafi dala 1,250 ce. Wannan shi ne farashin tafiyar da za a ce an ba ta kyauta, sai dai ba a rubuta shi a rasit ba.

Har yanzu wani zai iya cewa ai ba ta faɗi ba, tunda ɗakin mutum biyu na mako guda kan iya kai wannan kuɗi ko ya wuce. A nan ne jirgi ya bambanta da otal ɗin Las Vegas, birnin caca na jihar Nevada ta Amurka, kuma a nan ne ainihin dabarar take.

Jirgin ruwa idan ranar tashi ta yi sai ya tashi, cike ko ba cike ba. Man da zai sha ɗaya ne, albashin ma'aikata ɗaya ne, bashin da aka ci aka ƙera shi yana nan ana biya. Icon of the Seas, wanda ya fara jigila a Janairun 2024, na iya ɗaukar fasinja har 7,600, kuma kowane mako sai an nemo masu cika shi. Ɗakin da ya tafi babu kowa ya tafi ke nan, ba a ajiye daren jiya a sayar gobe. Idan aka sa mutum a ciki fa, me kamfani ya ƙara kashewa? Abinci, wankin zanin gado, ruwa da wuta. Wanda ya raba kuɗin abincin da Royal Caribbean ke bayyanawa a rahotonsa na shekara da yawan kwanakin fasinjoji zai ga bai kai dala 20 ga mutum a rana ba. Wato ɗakin da fasinja ke gani a matsayin kyautar dala dubu da wani abu, a wurin kamfani 'yan ɗaruruwa ne. Kuma ba kowace tafiya ake bayarwa ba. Jerin ranakun da ke cikin tayin galibi na lokutan da kasuwa ta ja baya ne, kamar watan Satumba da Oktoba da yara suka koma makaranta kuma guguwa ke barazana a Karebiyan, ko tsofaffin jirage da gajerun tafiye-tafiye. Makon Kirsimeti da sabon jirgi sai manyan 'yan caca.

Akwai kuma wata riba da ba a cika lura da ita ba. Idan kamfani ya karya farashin ɗakunan da suka rage a bainar jama'a, ya koya wa kowa jira har minti na ƙarshe, ya kuma ɓata wa waɗanda suka biya da wuri. Idan kuwa ya aika wa 'yan cacarsa saƙon imel a asirce, ɗakunan sun cika, farashin kasuwa bai motsa ba.

Kamfanonin ba sa ware kuɗin shigar gidan caca a rahotanninsu, suna haɗa shi da na barasa da kantuna da yawon tasha su kira shi cinikin cikin jirgi. Amma girman wannan kaso ya isa nuni. A 2023 kamfanin Carnival ya samu dala biliyan 21.6, kusan biliyan 7 da rabi daga ciki ba daga tikiti ya fito ba. Kasuwancin da sulusin kuɗinsa ke zuwa bayan fasinja ya hau, dole ya damu da wane irin fasinja ya hau.

Mai sayar da hatsi idan ya yi maka gyara, ka ɗauki gyararka ka tafi gida, ko ka dawo ko kada ka dawo. Kyautar jirgi ba a tafiya da ita gida. Ba za ka ci moriyarta ba sai ka koma ka kwana 7 a gini ɗaya da zauren cacar, ba wani gidan caca na kishiya da za ka tsallaka titi ka shiga, ba mota da za ka hau ka gudu. A jirage da yawa an ajiye zauren a tsakiyar bene, kan hanyar da ke tsakanin ɗakin cin abinci da zauren wasanni, ta yadda mai wucewa sai ya ratsa ta cikin injinan. A yawancinsu kuma nan ne kusan kaɗai wurin da aka yarda a sha taba a cikin gini. Ranar da jirgi ya wuni a teku bai tsaya ko'ina ba, injinan na buɗe tun safe. A ganina babu wata kyauta a duk harkar caca da ta kai wannan wayo, domin kyautar da tarkon abu ɗaya ne.

Wannan ilimi ba a teku aka ƙirƙiro shi ba. Gidajen cacar Nevada sun daɗe suna ba manyan baƙi ɗaki da abinci, amma da ido da sanayya ake yi. Kamfanin Harrah's ne ya mayar da abin kimiyya. Ya fito da katin Total Gold a 1997, a 1998 kuma ya ɗauko Gary Loveman, malamin makarantar kasuwanci ta Harvard, ya damƙa masa gudanarwa. Da suka tona bayanan katunan sai suka ga kashi 26 cikin 100 na baƙinsu ne ke kawo kashi 82 na kuɗin shiga, kuma waɗannan ba attajiran da ke zuwa da doguwar mota ba ne, manyan mutane ne masu matsakaicin hali da ke zuwa a kai a kai suna buga inji. Tsarin ya zama Total Rewards, kowa kuma ya kwaikwaya. Yau ma igiyar tana haɗe: Caesars Rewards, magajin wancan tsari, na da yarjejeniya da Norwegian, MGM Rewards kuma da Royal Caribbean da Celebrity. Wanda ya kai wani mataki a kan tudu sai a ba shi rangwame ko ɗaki a jirgi ko da bai taɓa hawa ba, domin an riga an san ko wane ne shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bayan annobar korona ta tsayar da jiragen daga Maris 2020 har tsakiyar 2021, 'yan caca na cikin waɗanda aka fara yi wa ruwan tayi don a cika ɗakuna.

Kalmar kyauta ita ma tana da iyaka. Harajin gwamnati da kuɗin tashoshi fasinja ke biya, na kansa da na abokin tafiyarsa. Akwai tukuicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kullum, tsakanin dala 16 zuwa 20 a manyan kamfanonin. Ga tikitin jirgin sama zuwa Filorida, ga otal na daren jajibiri. Kuɗin wasa na kyauta da ake loda wa kati, a ce dala 100, ba a cire shi a sa aljihu, sai an buga shi a inji, abin da ya fito ne naka. Masu buga cacar ƙwallo ta waya a Najeriya sun san irin wannan garaɓasa da ba ta fita sai an juya ta.

Sai batun doka, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. Gidan cacar jirgi na rufe muddin jirgi na tasha, sai ya fita ruwan da ba na kowa ba ake kunna injina, ban da 'yan wurare irin Bamuda da ta yi doka a 2013 ta yarda a buɗe da dare a tasharta. Wannan wasan ɓuya da doka tsoho ne. A shekarun 1930 akwai jiragen caca da ke kafewa mil 3 daga gaɓar Kalifoniya, har babban lauyan jihar Earl Warren ya murƙushe su a 1939. Na yau ba sa buƙatar ɓuya. Hedikwatar manyan kamfanonin uku, wato Carnival da Royal Caribbean da Norwegian, a Miyami take, amma rajistar Royal Caribbean a Laberiya take, ta Norwegian a Bamuda, jiragen kuma tutar Bahamas ko Panama ko Malta suke ɗauka. Jirgin Pride of America, mai tutar Amurka da ke zagaya tsibiran Hawai inda aka haramta caca, ba shi da gidan caca ko kaɗan. A Nevada akwai hukumar gwamnati da ke binciken injina, tana wallafa kason da gidajen caca suka riƙe, kuma wanda ke ganin an cuce shi yana da inda zai kai ƙara. A tsakiyar teku ƙa'idojin da ƙungiyar kamfanonin ta rubuta wa kanta ne ke aiki, kuma ba a wallafa kason da injinan ke riƙewa. Wato dattijuwar nan tana ganin makinta a allo, amma ba ta da hanyar sanin nawa take sayen kowane maki. Shekarun shiga ma 18 ne a yawancin tafiye-tafiyen Karebiyan, alhali a Las Vegas sai 21.

A tebur kuwa ana iya ganin bambancin da ido. A wasan karta na bilakjak, tsohuwar ƙa'ida ita ce idan ka zuba dala 10 ka samu 21 da karta biyun farko a biya ka 15. Ƙananan tebura da yawa a jirage yanzu 12 suke biya. Dala 3 ce kawai a ido, amma tana ƙara wa gida kusan kashi 1.4 cikin 100, a wasan da gwani kan iya sauko da rabon gida zuwa kusan rabin kashi ɗaya. Duk da haka teburin bai kai inji kawo maki ba, kuma 'yan karta kullum cikin ƙorafi suke cewa mai sa ido ya rage musu lissafi. Ba ƙeta ba ce zalla. Mai zuba dala 25 a karta na awa 4 darajarsa a lissafi ba ta kai ta dattijuwar da ke danna dala 2 da rabi ba, don haka ita ake aika wa tayin baranda.

Gaskiya ne akwai waɗanda tsarin ke yi wa daɗi. Mutumin da dama zai hau jirgin, dama zai yi cacar, ya yanke wa kansa iyaka kuma ya tsaya a kanta, gara ya zura katin ya karɓi abin da za a ba shi. Akwai ma masu ƙwaƙwalwar lissafi da ke tattara wasansu a tafiya ɗaya su kai matakin da suke so, su kwashi tayi, su rage wasa. Kamfanonin sun san da su, kuma ba su tayar da hankali ba, domin ba su da yawa. Mafi yawa kyautar ce ke canza musu hali. A daren ƙarshe na tafiya ana ba da takardar tayi gwargwadon makin da aka tara, mataki mataki. Wanda ya ga saura maki 300 ya tsallaka daga rangwame zuwa ɗaki kyauta, ga kuɗin aljihu sun ƙare, ba sai ya nemi banki ba. Katin nan na wuyansa zai zura ya ciro kuɗi a kan asusun ɗakinsa, wanda ke haɗe da katin bashinsa. Royal Caribbean na cajin kashi 5 cikin 100 a kan irin wannan cira, kuma ɗaya daga cikin alfarmar matakin Prime ita ce a yafe maka wannan caji. A duba da kyau: ladan yawan caca shi ne a sauƙaƙa maka cin bashin caca. Haɗa wannan da barasar da ake kawowa kyauta har kan inji.

Inda abin kan kai ya fito fili a Mayun 2024, lokacin da wani fasinja ya faɗa teku ya rasu daga jirgin Pacific Adventure na kamfanin P&O kusa da Sidni. Kafofin labaran Ostareliya sun ruwaito daga danginsa cewa ya tara bashin dubban daloli a gidan cacar jirgin cikin 'yan kwanaki. Bayan haka wasu tsofaffin fasinjoji suka fito suna ba da labarin bashi da abin sha da tayin tafiya kyauta da aka riƙa yi musu, aka kuma shiga muhawara a ƙasar kan dalilin da zai sa dokokin kare 'yan caca na kan tudu su tsaya a bakin gaɓa.

To wanda ya karɓi ɗakin ya ƙi yin wasa fa? A mafi yawan tayi babu mai kama shi, ba a kuma aiko masa da takardar biya. Kwamfuta ce dai ke ci gaba da aikinta. Tana raba darajarsa da yawan kwanakin da ya yi a jirgi, don haka mako guda da ya yi yana kwance a bakin tafkin wanka ya ja matsakaicinsa ƙasa. Tayin da zai biyo baya sai ya sauko daga baranda zuwa ɗakin ciki, daga ɗakin ciki zuwa rangwame, daga nan saƙonnin su ɗauke. 'Yan cacar da suka saba sun san da wannan, shi ya sa da yawansu ke shiga jirgin da adadin makin da suka ɗora wa kansu tun daga gida, su raba shi kwana kwana, su sauko zauren kowane dare ko suna marmari ko ba sa yi, don kada tayin baɗi ya yanke.